Zurfin cikin da ka tambaye ni

Ɗana, saƙonka ya same ni lafiya. Ka ce goggonka ta je bincike unguwar su yarinyar da kake nema, ta dawo ta ce maƙwabta sun shaide ta da zurfin ciki, kai kuma ka rasa ko murna za ka yi ko fargaba. Har ka ƙara da cewa ku masu haƙar burtsatse aunawa kuke yi, a ce mita 40 ko mita 60 magana ta ƙare, to shi wannan zurfin da me ake auna shi? Da na karanta sai da na yi murmushi. Daga baya jikina ya yi sanyi, don ban zaci za a wayi gari ɗan gidanmu yana shirin ajiye iyali bai san wannan magana ba. Laifin namu ne, mun tura ku makaranta mun daina zama da ku a zaure.

Mu da gaba muke auna rijiya. Mutum ya buɗe hannuwansa biyu, daga kan yatsa zuwa kan yatsa, gaba ɗaya ke nan, ta kusa mita biyu a lissafinku. Rijiyar ƙofar gidanmu a ƙasar Gumel gaba 18 ce, kuma da jikina na san haka, don na shige ta.

A shekarar fari ta 1973 ne, lokacin Gumel tana cikin jihar Kano, ba a ko yi mafarkin Jigawa ba. Damina ta zo ta wuce ba a ga komai ba, gero ya bushe a tsaye. Makiyaya suka riƙa gangarowa daga Nijar da shanu duk haƙarƙari a waje. Kafin bazara rijiyarmu ta ja baya, a zura guga ya dawo da laka. Sai kakanka, Allah Ya jiƙansa, ya aika aka kira wani tsohon maginin rijiya daga ƙauyen gabas da mu domin a yashe ta a ƙara mata zurfi. Ina da shekara goma sha biyar, siriri ne ni, shi ya sa idon tsohon ya faɗa kaina.

Bai bari kowa ya kusanci igiya ba sai da ya kunna fitilar ƙwai ya zura ta a hankali har ƙasa, yana leƙe. Na tambaye shi dalili, ya ce in fitila ta mutu a ciki, mutum ma mutuwa zai yi. Mata suna cewa aljanu ne ke kashe ta, shi kuma ya ce numfashi ne ke ƙarewa a rijiyar da ta daɗe a rufe. Fitila ta dawo da wutarta. Aka ɗaura mini igiya a ƙugu, maza shida suka riƙe, ya ce in yi bisimilla kada in dubi ƙasa.

Gaba biyar ta farko ina jin hirar mutane sarai. Daga nan sauti ya fara canzawa, kamar ana magana daga cikin tulu. Zafin rana ya yanke, sanyi ya kama ni a tsakiyar bazara. Da ƙafata ta nutse cikin laka na ɗaga kai, bakin rijiyar nan da muke zagayewa mu takwas ya koma kamar faifai. Ba abin da nake ji sai numfashina. Na yi ta cika guga da laka ana ja, har da ƙugiyar da ta ɓace tun ina yaye da wani tsohon wasaki na tsinta. Da na gaji aka fitar da ni, tsohon ya shiga da kansa da dagi. Kwana uku ana haka. A rana ta uku wajen azahar ya girgiza igiya, aka jawo guga, sai ga yashi jiƙaƙƙe fari tas. Ya tarar da idon ruwa. Mata suka rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya.

Wani a cikin taron ya ce kai, yanzu duk ƙasar nan babu rijiya mai zurfin tamu. Tsohon yana wanke ƙafa bai ko ɗago ba, ya ce shi ubansa bai taɓa yabon rijiya da zurfi ba sai ya sha ruwanta, don ya gina wadda ta fi wannan nisa aka tashi da ƙura.

Abin da ya sa na kawo maka wannan labari yana gaba. Kwana ukun nan kakanka ya ciyar da mutum sama da goma sha biyar, fura da rana, tuwo da dare. Fuskarsa a sake, yana ta yi wa mutane sannu. Sai bayan rasuwarsa, shekara ashirin da wani abu, kakarka ta faɗa mini cewa a lokacin ko damin gero ɗaya babu a rumbunmu. Ranar Alhamis ya yi sammako zuwa kasuwar Maigatari da babbar rigarsa ta Salla a ƙunshe, ya dawo da hatsi bayan magariba don kada a gani. Ita kaɗai ta sani, ita ma ba shi ya gaya mata ba, adaka ta buɗe ta ga wayam. Ba ta tambaye shi ba, bai yi mata bayani ba, har ƙasa ta rufe idonsa. Da na ce mata me ya sa, cewa ta yi ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

In irin wannan maƙwabta ke nufi, to ka yi dace. Mace ce da sirrin gidanka ba zai kwana a bakin famfo ba. Ku yanzu da ƙyar tukunya ke sauka ba a ɗauke ta hoto an sa a waya ba, miji da mata su saɓa da safe, kafin azahar dangi na Legas sun ji. Wannan yana damuna ƙwarai.

Kalmar dai fuska gare ta da yawa. Marinan Ƙofar Mata a Kano suna son karofi mai zurfi don baba ya jiƙu ya kama zane da kyau. Manomi kuwa in ya zurfafa ramin gero, irin ba zai fito ba. A ce malami ya yi zurfi a karatu, yabo ne. A ce rauni ya yi zurfi, sai a nemi mota. A ce magana ta yi zurfi tsakanin gida biyu, ko dai an kusa sa rana, ko an kusa zuwa gaban alƙali. Ramin mugunta kuma an ce a gina shi gajere.

Akwai kuma wanda har gobe in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Yayarmu, wadda ba ka riske ta ba, kowa yabonta yake da zurfin ciki. Shekara biyu tana ɗauke da ciwo a ƙirjinta, tana daka tana ɗebo ruwa, ba ta faɗa wa ko mahaifiyarmu ba saboda kunya da kawaici. Ranar da aka gane aka kai ta asibiti, likita ya ce an makara. A zaman makoki wata tsohuwa, ƙanwar kakarmu, tana kuka tana cewa barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Mu muka koya mata shirun nan, mu muka yi ta yaba mata a kansa. Sau nawa na gan ta ta dafe gefen ƙirji in ta sauke tulu, ban taɓa zama na ce Yaya, me ke damunki ba. Allah Ya gafarta mata, Ya yafe mana.

Saboda haka ba zan iya ce maka yabo ne ko zargi daga nan inda nake zaune ba. Ka koma wurin goggonka ka tambaye ta wa ya faɗi maganar, tsohuwa ce ko sa'ar yarinyar, kuma da ta faɗa murmushi ta yi ko baki ta taɓe. In ka je zance kuma, ka rage ba ta labarin injinku, ka yi mata tambaya ɗaya ka yi shiru ka jira, ko da shirun ya yi maka tsawo.

Ina nan tafe bayan Salla in Allah Ya kai mu, zan so in ga mahaifin yarinyar da idona. Ka gai da mahaifiyarka. Rijiyar nan tana nan, an rufe bakinta da kwano tun da aka kawo famfon tuƙa-tuƙa. In mun je gida tare ka zo da abin awonku, ina so in ji gaba 18 ɗin nan da abin da tsohon ya ƙara mita nawa ne.