Amsa: Dalilin toshewar hanyoyin ruwan Hadejia

Malam, ka tambayi abin da ya sa ruwa ke barin tsohuwar hanyarsa yana cinye gonaki wajen Nguru. Laka ce da kachala, wato doguwar ciyawar nan da ke tsirowa cikin ruwa.

Kafin madatsun Tiga (1974) da Challawa (1992), ambaliyar damina kan share kwarin kogin, rani kuma ya busar da shi. Yanzu da madatsun ke sakin ruwa, yana gudana duk shekara a hankali. Da ya rage gudu sai lakar da ya ɗauko ta kwanta, kachala ta kafa saiwa, ta ƙara tare wata lakar. Kwari ya cike, ruwa ya karkata ta Marma, hanyar ruwan da ta nufi Nguru.

Yashe kaɗai bai isa ba. A yanke kachalar a ƙarƙashin ruwa don ta ruɓe. Ƙona samanta wahalar banza ce.