Kafin ka kai motarka musanya, bar mata fentinta

Salamu alaikum. Malam, na ga tambayarka: kana da Honda Accord 2005, wadda ake kira EOD, kana son kai ta wurin masu sayar da motoci ka yi ciko ka karɓi Corolla, kana tambaya ko ka fara yi mata sabon fenti. Sau uku ina yin irin wannan musanya, kuma shawarata kada ka yi.

A karon farko na tafka wannan kuskuren. Aka fesa wa motata fenti, ta fito tana ƙyalli kamar amarya. Dillalin ko kallon ƙyallin bai yi ba. Ya ɗaga robar ƙofa, ya ƙwanƙwasa gefen gaba da yatsa, ya ce hatsari ta yi aka rufe. Na rantse, ya yi murmushi kawai. Kuɗin fentin ya bi ruwa, ya kuma rage mini farashi a kai. A kasuwar nan fentin kamfani, ko ya koɗe ko yana da ƙarce, ya fi sabon feshi daraja, domin shi ne shaidar ba a taɓa jikin ba.

Abin da za ka kashe wa kuɗi ƙanana ne: wanki na ciki da kujeru, ƙwan fitilar da ya mutu, juyen baƙin mai, da iskar AC idan ƙari kawai take so. Dillali kan ɗauki aibin dubu biyar ya zaftare maka dubu hamsin a kansa. Idan fitilar gargaɗin injin da ke gaban direba tana kunne, je makanike ya jona na'ura ya gaya maka dalili. Kada ka cire batir don ta mutu. Dillalan ma suna da na'urar, za ta nuna an goge, kuma ɓoye aibi a ciniki ka san hukuncinsa. EOD kuwa, giya da ƙafar gaba za su fara gwadawa. Idan giyar tana fizga, faɗa da bakinka.

Takardu su ne rabin kuɗin motar. Nemo takardar kwastam ta asali, ka gwada lambar shasi da ke jikin takardar da wadda ke ƙasan gilashin gaba, harafi da harafi. Haɗa da lasin mota da shaidar mallaka da inshora. Inshorar ma, ƙaramar da ake kira third party, tun Janairun 2023 ta koma naira 15,000 daga 5,000, don haka idan taka tana da sauran wa'adi, ambata. Makulli na biyu, safaya da jak, duk a nemo su.

Sai maganar ciko, inda ake cin mutane. Kada ka buɗe baki da zancen musanya. Fara taya Corollar kamar mai biya lakadan, ka ji ƙarshen farashinta. Kafin nan ka zagaya da taka wurare biyu ko uku ka ji tayinsu. In ba haka ba, dillalin zai yaba motarka ya ɗaga kuɗinta, ya lafta bambancin a kan tasa, kai kana murna. Ka kuma tambayi la'ada tun farko, wa zai biya.

Ranar miƙa makulli a rubuta yarjejeniya, da kwanan wata da lambar shasi da shaidu, ka riƙe kwafi. Motata ta biyu ta fi wata shida tana yawo da sunana kafin wanda ya saye ta ya canja takardu. Allah ya sa a yi ciniki mai albarka.