Agogon wayata ya yi gaba da awa ɗaya, ta lalace ne?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, daga Tawa nake. Ƙanena da ke Faransa ya aiko mini da waya tun watan Disamba, agogonta na tafiya daidai. Sai wata Lahadi a ƙarshen Maris ƙararrawar asuba ta tashe ni, na je masallaci na tarar ko ladan bai zo ba. Ashe wayar ta ƙara awa ɗaya. Ta lalace ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Wayarka lafiya lau take, har yanzu a zatonta tana Paris ne.

A Faransa da sauran ƙasashen Tarayyar Turai, ranar Lahadin ƙarshe ta Maris, ƙarfe 2 na dare agogon Paris yakan tsallaka zuwa 3. Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma a mayar da shi baya. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris lokacinmu da na Faransa ɗaya ne, shi ya sa ba ka ga komai ba sai yanzu.

Dalili kuwa, can a watan Yuni yini yakan kai awa 16, gari ya waye mutane na ta barci. Sai aka ce a ja agogo gaba, hasken safiyar da ake asara ya koma yamma, a rage kunna fitila. Jamus ce ta fara a 1916, cikin yaƙin duniya na farko, don tattalin gawayin ƙasa. Faransa ta dawo da shi a 1976 bayan tsadar man fetur ta 1973. A ganina yau ribar ba ta taka kara ta karya ba, tunda fitilun zamani ba su cin wuta sosai. Majalisar Turai ma ta jefa ƙuri'ar soke shi a 2019, amma shiru kake ji.

Mu nan Nijar yini da dare ba su da wannan tazara, don haka ba ma taɓa agogo.

Gyaran: shiga saitin waya, wurin "Date et heure", ka canza "Fuseau horaire" zuwa Niamey, ko ka bar rezo ya saita da kansa. Kada ka juya awar da hannu ka bar Paris a wurin, in ba haka ba Oktoba na zuwa za ka makara sallar asuba. Manhajar lokutan salla ma ka duba garin da aka sa mata.

In za ka kira ƙanen naka da daddare kuwa, ka tuna daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba ƙarfe 10 naka 11 ne a wurinsa.