Karanta Imel Daga Nesa Da Manhaja Mai Rubutu Zalla: Wace Hanya Ta Fi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Aikina ya ƙunshi yawan tafiye-tafiye, kuma sau da yawa intanet ɗin da nake samu mai rauni ne ƙwarai. In na buɗe shafin imel a burauza sai ya yi ta juyawa, wani lokaci har in haƙura. Wani abokin aiki ya ce mini akwai manhajojin karanta imel da ba su da hoto ko linzami, rubutu ne kawai a baƙin allo, kuma ana iya shiga da su daga ko'ina. Ina da ƙaramar kwamfuta mai Linux, kuma ina da izinin shiga wata sabar ta SSH. Ta ina zan fara, kuma akwai haɗari?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokin aikinka gaskiya ya faɗa maka, kuma kayan da ka lissafa sun ishe ka. Sai dai kafin ka girka komai akwai abu guda da nake so ka rarrabe, domin a nan ne mafi yawan masu farawa suke ruɗewa. Idan aka ce "karanta imel daga nesa" hanyoyi biyu ake nufi, kuma ba sa warkar da ciwo ɗaya.

A hanya ta farko, manhajar tana zaune a can cikin sabar. Kai kana shiga ta SSH ne kawai, wato hanyar sarrafa wata kwamfuta daga nesa cikin sirri, kana kallon allonta daga inda kake, kamar mai leƙa ɗaki ta taga. A hanya ta biyu, manhajar tana cikin kwamfutarka, ita ke miƙa hannu zuwa ga kamfanin da ke riƙe da akwatinka ta ɗauko saƙonni. Manhaja ɗaya ce ke iya yin duka biyun, amma yadda kowacce take ɗaukar raunin intanet ya sha bamban.

Bari mu fara da manhajar kanta. Sanannun guda biyu su ne Mutt da Alpine. Michael Elkins ne ya rubuta Mutt a 1995, daga baya aka samu reshensa mai suna NeoMutt da ya ƙara wasu abubuwa. Alpine kuwa magajin Pine ne, dukansu daga Jami'ar Washington ta Amurka suka fito. Ga wanda bai taɓa amfani da irinsu ba, Alpine ya fi sauƙin kamawa, saboda a ƙasan allo kullum yana nuna maka harafin da za ka danna da abin da zai yi. Mutt ba ya lallashin kowa a ranar farko, amma in hannunka ya saba da shi ba za ka so komawa ba: j da k don sauka da hawa, r don ba da amsa, m don sabon saƙo, d don gogewa, v don ganin abin da aka maƙala. Ni Mutt nake amfani da shi, don haka misalaina nasa ne.

To, hanya ta farko. Za ka shiga sabar da umarnin `ssh suna@adireshin-sabar`, ka rubuta `mutt`, shi ke nan akwatinka ya buɗe. Abin da ke ratsa layin intanet ɗinka haruffan da ke kan allo ne kaɗai. Ko da wani ya aiko maka da saƙo ɗauke da fayil mai megabait 20, nauyin yana can kan sabar, kai layi ɗaya za ka gani. Kuma duk abin da ke tsakaninka da sabar a rufe yake da sirri, domin dalilin da ya sa Tatu Ylönen ya ƙirƙiro SSH a Finlan a 1995 ke nan, bayan an yi satar kalmomin sirri a layin sadarwar jami'arsu.

Matsalar wannan hanyar ita ce kowane harafi da ka danna sai ya je sabar ya dawo kafin ka gan shi a allo. Idan layin yana jan ƙafa, za ka rubuta kalma ka zauna kana jiran ta bayyana. Mafi muni, in layin ya yanke kana tsakiyar rubuta doguwar amsa, manhajar tana iya mutuwa tare da shi. Wannan yana da magani guda biyu, kuma ina ba ka shawarar ka haɗa su. Na farko tmux: da ka shiga sabar ka rubuta `tmux new -s imel`, sannan ka buɗe Mutt a cikinsa. In layi ya yanke, tmux zai ci gaba da riƙe maka komai, ka dawo ka rubuta `tmux attach -t imel` ka tarar da rubutunka a daidai inda ka tsaya. Na biyu Mosh, wanda ya fito daga jami'ar MIT a 2012, kuma don irin halin da kake ciki aka yi shi. Yana amfani da SSH ya tantance ka, sannan ya koma aika bayanai ta UDP, wani tsarin aika bayanai a intanet. Yana nuna maka harafin da ka danna nan take tun kafin sabar ta amsa, kuma ko ka sauya daga wayarka zuwa wani layin, ko ka rufe kwamfutar ka buɗe bayan awa guda, zai ɗora daga inda aka kwana. Sharaɗinsa shi ne a girka shi a ɓangarorin biyu, kuma mai kula da sabar ya buɗe ƙofofin UDP daga 60000 zuwa 61000, ko kaɗan daga cikinsu (ƙofa, wato port, lamba ce da kowane irin aiki ke bi ya shiga sabar). SSH shi kansa ƙofa ta 22 yake bi.

Duk da haka, in babu intanet gaba ɗaya, hanya ta farko ba ta da abin da za ta ba ka. Ko saƙon da ka karanta jiya ba za ka iya sake dubawa ba. Shi ya sa, ga mutum mai yawan tafiya irinka, na fi karkata ga ta biyu.

A nan sai ka san kalmomi uku. SMTP shi ne tsarin aika saƙo, ƙofarsa 587 ko 465. IMAP da POP3 na karɓa ne, ƙofofinsu masu sirri 993 da 995. Ka zaɓi IMAP. Shi, wanda Mark Crispin ya tsara a 1986, yana barin saƙonni a kan sabar kamfanin, kuma yana tuna wanda ka karanta da wanda ka amsa, don haka abin da ka gani a kwamfuta shi za ka gani a waya. POP3 asalin ɗabi'arsa ita ce ya sauke saƙo ya share shi daga sabar, sai in an hana shi. Na sha ganin wanda ya gwada shi sau ɗaya ya wayi gari akwatinsa na waya wayam, duk saƙonnin shekaru sun koma cikin kwamfuta guda.

Mutt yana iya magana da IMAP kai tsaye. A fayil ɗin saitinsa, wato `.muttrc`, waɗannan layukan sun isa farawa, sai dai ka sa naka suna da adireshin kamfanin imel ɗinka a madadin `suna` da `example.org`:

```
set folder = "imaps://suna@imap.example.org/"
set spoolfile = "+INBOX"
set smtp_url = "smtp://suna@smtp.example.org:587/"
set ssl_force_tls = yes
set header_cache = "~/.cache/mutt/kanu"
set message_cachedir = "~/.cache/mutt/jiki"
set editor = "nano"
```

Layi na huɗu yana hana manhajar aika kalmar sirrinka a buɗe, kar ka cire shi ko da wani ya ce maka cirewar za ta gyara wata matsala. Na biyar da na shida suna ajiye kanun saƙonni da waɗanda ka riga ka karanta a kwamfutarka, don kar a riƙa sake sauke su kullum. In akwatinka yana da saƙo dubu goma, za ka ji bambancin tun a buɗewa ta biyu. Na ƙarshen kuma yana zaɓar nano a matsayin manhajar rubuta saƙo, don kar ka tsinci kanka a cikin vi, wata manhajar rubutu mai wuyar kamawa, ba ka san yadda ake fita ba. In ka iya vi, ba sai ka sa wannan layin ba.

Amma abin da ni kaina nake yi, kuma shi nake so ka kai gare shi bayan mako ɗaya ko biyu, ya wuce wannan da taki guda. Akwai ƙaramar manhaja mai suna mbsync, wadda ake samu a cikin kunshin isync. Aikinta ɗaya: ta kwafo akwatinka gaba ɗaya zuwa kwamfutarka a tsarin Maildir, inda kowane saƙo fayil ne mai zaman kansa, sannan duk lokacin da ka kira ta ta daidaita ɓangarorin biyu. Sai ka nuna wa Mutt wannan jakar ta cikin gida. Daga nan karatu da bincike da rubuta amsa duk ba sa buƙatar intanet. Da ka samu sabis na minti biyu ka rubuta `mbsync -a`, sababbin saƙonni su shigo, sauye-sauyen da ka yi su tafi. In layi ya yanke a tsaka, ba asarar komai, ka sake kira ta ƙarasa. Wajen aikawa kuma akwai msmtp, yana zuwa da ɗan rubutun taimako mai suna msmtpq da ke jera saƙonninka su jira har layi ya dawo. Saukewar farko ce kawai mai nauyi, ka yi ta a ranar da ka samu intanet mai ƙarfi. Kuma ka yi hattara da saitin mbsync da ake kira `Expunge`: in ka sa shi `Both`, abin da ka goge a kwamfuta zai gogu a sabar ma, har abada. Ka bar shi a `None` har sai ka ga komai yana tafiya yadda kake zato.

Yanzu ga inda za ka fi shan wahala, gara in faɗa maka tun da wuri: shiga akwatin. Manyan kamfanoni sun daina karɓar kalmar sirri ta yau da kullum daga irin waɗannan manhajoji. Google ya rufe wannan ƙofar ga asusun ɗaiɗaikun mutane a 2022. A Gmail sai ka kunna tantancewa mai mataki biyu, sannan ka ƙirƙiri kalmar sirri ta musamman don manhaja, mai haruffa 16, ita za ka ba Mutt ko mbsync. Microsoft kuwa tsarin OAuth2 yake buƙata, inda za ka shiga sau ɗaya ta burauza a ba manhajar wata shaidar izini da take sabuntawa da kanta. Alpine yana da wannan a cikinsa, Mutt kuma yana zuwa da rubutun taimako mai suna `mutt_oauth2.py`. In akwatin na wurin aikinku ne, ka fara tambayar mai kula da shi, domin wasu ma'aikatu suna toshe IMAP ɗungurungum, kuma ba saitin da zai buɗe abin da aka kulle daga can.

Batun haɗari da ka tambaya, mafi girmansa yana nan ne. Kar ka rubuta kalmar sirrinka a fili cikin `.muttrc`, musamman a sabar da ba kai kaɗai ke da ita ba. Mai cikakken iko a kan sabar yana iya karanta kowane fayil, har da saƙonninka in a can suke. Wannan ma wani dalili ne da ya sa ban cika son a ɗora imel na ƙashin kai a sabar ofis ba, komai amincin mai kula da ita. Ka bar manhajar ta riƙa tambayarka kalmar a duk buɗewa, ko ka kulle ta da gpg ko pass, manhajojin kulle bayanai da sirri, ka sa a riƙa ɗauko ta daga can. Wajen SSH kuma ka koma amfani da makulli: `ssh-keygen -t ed25519` zai ƙera maka, `ssh-copy-id` zai kai rabin da ake rabawa zuwa sabar, ɗaya rabin ya zauna a wurinka da tasa kalmar kariya. In wata rana SSH ya yi maka gargaɗi da manyan haruffa cewa shaidar sabar ta canza, ka dakata ka tambayi mai ita kafin ka ci gaba. Tunda kuma saƙonninka za su zauna a kwamfutar da kake yawo da ita, ka kulle rumbunta da sirri, saboda ɓata ko sata.

Akwai abin da za ka rasa, ba zan ɓoye ba. Saƙonni da yawa yanzu a tsarin shafin intanet ake rubuta su, wato HTML. Ka girka w3m, ka sa layi ɗaya a fayil ɗin `.mailcap`, ka ƙara `auto_view text/html` a saitin Mutt, za a riƙa mayar maka da su rubutu. Yawancinsu za su karantu lafiya, amma masu cike da hotuna da jadawali za su fito a hargitse. A gefe guda wannan yana da amfaninsa: ɓoyayyun ƙananan hotunan da 'yan talla ke sakawa don su san ka buɗe saƙonsu ba sa saukowa, kuma kana iya duba ainihin adireshin da mahaɗi zai kai ka kafin ka bi shi, abin da ke tona asirin saƙon damfara. Fayil da aka maƙala, in a kwamfutarka kake, v ne sannan ka buɗe shi. In ta SSH kake, sai ka adana shi a sabar da s, ka jawo shi da `scp`. Ka kuma tuna cewa fayil yana ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa in aka cusa shi cikin imel, saboda yadda ake mayar da shi haruffa.

Wani ƙaramin abu da ya shafe mu masu rubutu da Hausa: in ka ga ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa alamar tambaya ko ƙananan akwatuna, ba laifin Mutt ba ne. Ka rubuta `locale` a kwamfutarka da kuma a sabar, ka tabbatar dukansu suna nuna UTF-8. Mosh ma ba zai yarda ya tashi ba sai da shi.

Tsarin da zan ba ka shi ne wannan: yau ka girka Mutt a kwamfutarka da waɗancan layuka bakwai, ka yi kwana biyu kana karatu kawai ba gogewa. In yatsunka sun saba, ka ƙara mbsync da msmtp. Sabar kuma ka sa mata tmux da Mosh ka bar ta a matsayin madogara, don ranar da kwamfutar ba ta hannunka, sai wayarka kaɗai. A wayar Android manhajar Termux za ta ba ka allon umarni da za ka shiga da shi, a Windows kuma akwai PuTTY, ko umarnin `ssh` da ke zuwa a cikin sababbin fitowarsa. Kwamfutar haya ko ta wanda ba ka sani ba kuwa, kar ka shigar da makullinka ko kalmar sirrinka a cikinta, domin sirrin SSH yana kare abin da ke kan layi ne kawai, ba ya hana na'urar da ke gabanka naɗe abin da kake dannawa.