Amsa ga mai tambaya kan labarin kimiyya mai shafi 6

Ƙanena, ka ce editan tarin labaran zane ya ba ka shafi 6 kacal, labarinka na jirgin sama jannati kuma ya kai 20, kana neman inda za ka yanke. Wallahi na san zafin nan, ni ma ya taɓa hana ni barci.

Kada ka matse shi, zai mutu. Ajiye shi, ka ciro tunani guda daga ciki: mutum ɗaya, na'ura ɗaya, abin mamaki ɗaya a ƙarshe. Haka ake yi tun mujallar Weird Science ta Amurka a 1950, labari huɗu a fitowa guda. Gajerun labaran Future Shocks na mujallar 2000 AD a Ingila ma galibi shafi 4 ne. Akwatin zane 5 ko 6 ya ishi shafi, maganar da ke cikin kowane akwati kada ta wuce kalma 30. Bayanin yadda injin ke aiki, bar wa zanen. Mutumin Samaru ya ga ɗan acaɓa yana shawagi bisa Ƙofar Doka, ai ya gane an yi nisa a zamani, ba sai an rubuta masa shekara ba.

Tambayi editan a wane ɓangare labarinka zai fara. In ya fara a shafin dama, na 6 zai faɗo a hagu, sai an juya takarda a ga sirrin. In ya fara a hagu, na 5 da na 6 suna kallon juna, ido ya riga ya sace ƙarshen.

Amma abin da ya fi ci mini rai, ko da ba ka tambaya ba, wurin bugu ne. Ka yi wata uku kana wahala, ka kai aiki madaba'a, kwamfutarsu ba ta da font ɗinka, wato salon haruffan da ka yi rubutu da shi, ta sauya shi da wani marar ƙ, ɗ da ɓ. Sai "ƙasa" ta fito da ɗan murabba'i a gaba, ko wani yaron shago ya "gyara" ta koma "kasa". Ba wanda zai kira ka. Kwafi 500 an riga an ɗinke, ka yi magana a ce ai ana ganewa. Ana ganewa! A Zariya, garin da aka soma buga Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, garin da aka fitar da littafin Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, a ce ƙugiyar harafi ta gagare mu? Wannan rashin kula ne kawai, kuma sunanka ne a jikin labarin, ba nasu ba.

Saboda haka mayar da rubutun duka ya zama zane kafin ka fitar da PDF, kuma kada a kunna inji sai ka riƙe gwajin bugu a hannu ka karanta. Bar milimita 3 a gefe don wuƙar yanka. Zanen baƙi da fari ka yi masa sikanin a 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci. In a A3 ka zana za a buga a A5, komai zai ragu zuwa rabi, siraran layukan taurari su ɓace, ruwan toka kuma ya dagule a takarda mai giram 70. Sararin samaniya ka cika shi da baƙi ƙirin, ka ɗiga taurarin da farin fenti, manya-manya.

Ka turo daftarin shafukan shida nan tun yana fensir, kafin ka sa tawada, mu duba tare.