Tambaya da Amsa: Zartona mai ninkewa ya daina ci

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan lambu a bayan gari, mangwaro goma sha biyu da gwaiba kaɗan. Bara ƙanena ya kawo mini tsarabar wani ƙaramin zarto ƙirar Japan, mai ninkewa kamar wuƙar aljihu. Da farko yana ratsa reshe kamar ana yanka kabewa. Yanzu sai ya riƙa maƙalewa, bakinsa ya ɗan tanƙware, haƙoran sun yi baƙi. Na kai wa mai washin wuƙa a kasuwa, ya ce magagarinsa zamewa yake yi, ba ya kama ƙarfen. Ga kuma wasu rassan da na yanke sun ɗaye ɓawon bishiyar. Jabu aka sayar wa ƙanena, ko ni ne ban iya ba? Daga mai lambu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka zargi ƙanenka. Zamewar magagarin nan da ta tayar maka da hankali ita ce ma shaidar cewa abu mai kyau ya sayo maka. Kamfanonin da suka yi suna a wannan sana'a, irin su Silky da ARS na Japan, suna gasa tsinin haƙoran yawancin zartunansu da wutar lantarki cikin ƙiftawar ido, sai tsinin ya fi magagari na yau da kullum tauri, sauran ƙarfen kuma ya zauna da ɗan laushinsa don ya iya lanƙwasa. Ka wanke shi ka ɗaga a rana, za ka ga kan kowane haƙori ya fi jikin ruwan zarton duhu. Irin wannan ba a kai shi wurin washi. Yana daɗewa bai dakushe ba, ran da ya dakushe kuwa a kwance ƙusar da ke riƙe da shi a ƙota a sa sabon ruwa. Shi ya sa ake sayar da ruwan daban.

To amma ina kyautata zaton naka bai dakushe ba tukuna. Tanƙwarewar bakin nan ita ta tona asirin hannunka, domin ni ma haka na yi wa nawa na farko. Mu da muka taso muna kallon kafinta, mun saba da zarton da ake dannawa gaba ya ci. Wannan kuwa da ja yake ci. Dubi haƙoransa da kyau, sun karkato wajen ƙota. Idan ka jawo shi wajenka ƙarfen yana miƙewa, shi ya sa suka iya yin sa siriri haka. Idan ka tura shi da ƙarfi, sai ya lanƙwashe, in ya zo da ƙarar kwana ya karye. Nawa a kan reshen gwaiba ya tafi, da la'asar, ina sauri in gama kafin magariba. Ya ɗan cije, na sa ƙarfi na tura, sai na ji ƙas, tsawon ɗan yatsa ya ɓalle daga bakin ya bar ni riƙe da guntu. Tun daga ranar na koyi abin: tura shi a sake kamar kana mayar da wuƙa kube, ka jawo da ɗan nauyi, dogon ja daga gindin ruwan har bakinsa. In ya cije kada ka murɗa shi. Ka tsaya, ka ɗaga reshen ko ka sauke shi da ɗaya hannun har tsagar ta buɗe, sannan ka zare.

Baƙin da ka gani a haƙora ƙaron mangwaro ne ya haɗu da garin itace da ƙura ya bushe. Shi ke cike tsakanin haƙoran, garin ya rasa hanyar fita, zarto ya yi ta gugar banza. Ka jiƙa tsumma da kananzir ka shafa, ka bar shi kamar minti biyar, sannan ka bi haƙoran da tsohon burushin goge baki, daga gadon baya zuwa tsini, kada ka bi ta kansu da yatsa. Ka goge ya bushe sarai, ka ɗiga man keken ɗinki a ruwan da wurin da yake juyawa. Mutane da yawa da suka yi niyyar jefar da zartonsu wannan wankin kaɗai ya dawo musu da shi. Kada ka ninke shi da danshi, musamman da damina, tsatsa a cikin ƙota take fara aikinta inda ba ka gani. Ƙaron nan kuma ka kiyaye shi a fatarka da idonka, yana ƙuna, na kashu ma ya fi.

Abin da ke kashe kaifi da gaske a wurinmu yashi ne. Ginin gara da ke bin jikin reshe ƙasa ce zalla, kuma bayan hunturu ɓawon bishiya cike yake da ƙura. Ka kankare wurin da bayan adda kafin ka ɗora zarto. Saiwa a cikin ƙasa kuwa aikin gatari ne. Haka reshen da ya wuce kaurin dantse: ya fi ƙarfin ƙaramin zarton da tsawon ruwansa bai wuce santimita 21 ko 24 ba.

Sai maganar ɗaye ɓawo, wadda ta fi damuna, domin zarto ana sake shi, bishiya kuwa shekaru ta ci kafin ta kai haka. Reshe mai nauyi ba a sauke shi da yanka ɗaya. Ka matsa kamar taƙi ɗaya daga jikin bishiyar, ka fara yanka ta ƙasan reshen, kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, ka tsaya. Kada ka zarce, don nauyin reshen zai matse maka zarto. Sai ka ƙara matsawa waje kamar faɗin yatsu uku ka yanko ta sama. Reshen zai ɓalle ya faɗi, yagewar ɓawon kuma ta tsaya a yankan farko. Abin da ya rage guntu ne mara nauyi, ka riƙe shi da hannu ka cire shi a natse.

Inda za ka cire guntun shi ne gwanintar. Duba mahaɗar reshe da uwar bishiya, akwai wani ɗan kumburi da ya zagaye gindin reshen kamar wuyan riga. Dab da shi za ka yanka, ta waje, kada ka taɓa shi. Daga wannan kumburin sabon nama ke tasowa ya rufe ciwon kamar zobe. In ka shafe shi don wurin ya yi sumul, ka buɗe wa ruɓa ƙofa. In ka bar dogon guntu, ya bushe gara ta samu gada, bayan shekaru ka tarar da kogo. Wani masanin itatuwa na hukumar gandun daji ta Amurka, Alex Shigo, ya shafe shekaru yana tsaga bishiyoyi yana duba cikinsu kafin ya tabbatar da wannan, kuma ya nuna cewa shafa fenti ko kwalta a kan yanka ba ya hana ruɓa. Don haka baƙin man mota da wasu ke shafawa, ni ban yarda da shi ba. Manoman yankin Maraɗi da ke rainon tohon kututture a gonakinsu, aikin da ya bazu tun daga shekarun 1980, su ma ana koya musu su saro reshe daga ƙasa zuwa sama da kaifaffen ƙarfe saboda wannan ɗayewar.

Mangwaronka ka bari sai ka gama tsinke 'ya'yan, ka zaɓi ranar da ba hadari. Bakin da ya tanƙware, in kaɗan ne, ka kwantar da shi a kan katako ka danna a hankali da wani katakon. Kada ka kai shi maƙera a sa shi a wuta, taurin haƙoran zai tafi.

Tambaya: Lemun tsamin gidana wasu rassansa suna bushewa daga sama, mijina yana yanke su da irin wannan zarton, da shi kuma yake gyara sauran. Ba matsala? Daga uwargida a Katsina.

Amsa: Hajiya, akwai. Zarto yana iya kwaso cuta daga bishiya ya kai wa wata. Ki ba maigida sifirit na kemis da auduga, ya goge ruwan zarton bayan kowace bishiya, ya bari ya bushe. Ruwan bilic ma yana kashe cuta, sai dai yana cin ƙarfe in ba a ɗauraye an shafa mai ba. Ya riƙa yankawa a ƙasan inda bushewar ta tsaya, inda itacen ke ɗanye, a kwashe rassan a ƙone. Tunda gida ne mai yara, in ya gama ya janye yatsunsa daga tsagar ƙotar kafin ya danna makullin ya ninke, ya rataye shi can sama inda hannunsu ba ya kaiwa.