Wa ke da ikon gyara dokar ta'addanci?

Malam, ka tambaya ko majalisar dokoki ta Gusau za ta iya gyara dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022. A'a, dokar tarayya ce, ita ta maye gurbin ta 2011 da gyaranta na 2013. Sai sanata ko ɗan majalisar wakilai ya kai ƙudurin gyara, ko shugaban ƙasa ya aika da shi majalisar tarayya.

Muhawara a karatu na biyu ake yin ta, sannan kwamiti ya saurari jama'a, kuma nan ya kamata mutanen Zamfara su kai takarda. Idan majalisun biyu suka saɓa, kwamitin haɗin gwiwa ke daidaitawa. Shugaban ƙasa na da kwana 30 ya sa hannu. In ya ƙi, sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun sake amincewa da ƙudurin kafin ya zama doka. Ƙuduri kan mutu a kwamiti idan wa'adin majalisa ya ƙare.